Kabari a Filin Golf

A rumfar mai shayi, bakin filin golf a wajen garin Bogor, wata dattijuwa mai ɗaukar wa 'yan wasa sanduna ta kunna sigari. Wani mutum riƙe da igiyar awo ya yamutsa fuska.

"Iya, an hana shan taba a nan fa."

"Wa ya hana? Shekara talatin ina busa ta a ciyawar nan."

"Wasan ma ya mutu, matasa ba sa zuwa. Gidaje za mu gina."

"Ashe kai ne mai awon! Mijina yana kwance bayan ramin ƙwallo na tara. Da aka ƙwace gonarmu aka yi filin nan ban tashi ba, balle kai."

"Gobe zan fara, Iya."

"Ka zo da wuri, ɗana. A kan kabarinsa za ka tarar da ni."