Taga Mai Gilashi Biyu

A gidan mai na hanyar Tarnów, wani dattijo ya tsaya yana leƙen motar wata mata, irin mai gado da kicin a ciki.

"Baiwar Allah, tagogin nan masu gilashi biyu, suna da amfani kuwa?"

"Ya danganta, Baba. Ga tsada ga nauyi. In bakin teku za ka lokacin zafi, ba ka buƙatarsu."

"In Janairu ne fa?"

Ta yi dariya. "Wa ke yawon shaƙatawa a Janairu? Mai gilashi ɗaya, da safe sai ka kankare ƙanƙara ta ciki, ruwa na ɗiga kan bargo."

"Ko mutum ɗaya ne ke numfashi a ciki?"

"Ko kyanwa ce."

"Tambaya kawai nake. Ɗana Radek ya samu tagwaye. Ɗaki biyu ne gidan, ga ni da tari. Ba wanda ya ce in tashi fa."

Ta rufe tankin mai a hankali.

"Radek ya san kana neman mota?"

"Ya ɗauka don kamun kifi ce."

"Sayi mai biyun, Baba. Amma ka faɗa masa gaskiya kafin sanyi ya sauko."