Matar da Ta Fito a Minista

A bencin mai gyaran waya, wani dattijo ya ƙura wa matar da ke gefensa ido.

"Baiwar Allah, ba ke ce mai fitowa a minista a dandali ba, da matashin kai a matsayin tumbi?"

"Ni ce, Baba. Ka kalle mu?"

"Ni hukuma ta aiko na rufe wasan."

Ta gyara zama. "Sannu da aiki. Minista ya tafi, ni ga ni."

"Yanzu fa?"

"Zauren tattaunawa nake riƙewa a intanet. Mai zagi in goge maganarsa, in ya sake in kore shi."

Dattijon ya tuntsire da dariya. "Ashe aikina kika gada!"

"Allah ya kiyaye! Ko jiya an caccake ni a ciki, ban goge ba. Mai zagin uwar wani nake kora. Kai kuwa dariya ka kora."

"Ni? Litinin aka ce in rufe, sai da na kai Asabar. Kullum ina layin gaba."

"Me ya hana ka?"

Ya turo ciki, ya kwaikwayi muryar ministan nata: "Ana nan ana duba lamarin."

"Ɗaga haɓa, Baba," ta ce. "Haka nake yi."