Hannun Bappayo da Akwatin Ƙwallo

Mai girma Hakimi, shugaban wannan taro, Malam Alƙali, Malam Liman, lawanai da bulamomi, baƙinmu na Gashua da suka sha jijjigar mota, jama'ar Nguru maza da mata, assalamu alaikum.

Ni ne Ajimi, makanikin loko, wato wurin gyaran jiragen ƙasa. Na gode da kuka ba ni dama, kuma wallahi sai yau hankalina ya kwanta.

Da farko, tarihin akwatin wasan nan da ke gabanku. A Amurka aka ƙera shi tun kafin babban yaƙi, bara jirgin ƙasa ya sauke shi, aka girke shi a kantin bakin tasha. Katako ne mai gangara, an kakkafa masa ƙusoshi, an rufe da gilashi. Ka ja sifirin ka saki, ƙwallon ƙarfe ya haura, ya gangaro yana karo da ƙusoshi, fitilu na kamawa, ƙararrawa na kaɗawa. Batir ke ba shi wuta. Iyakarsa ke nan.

Na biyu, abin da ya tara mu. Kowa ya buga lafiya lau, amma da Bappayo mai shanu ya ɗora hannu, sai wutar akwati ta ɗauke. Har sau uku. Sai kuka ce maye ne, ya kama kurwar akwati. Kurwar akwati, jama'a! Kuka daina sayen nono a wurin matarsa, a kasuwar Gashua dillalai suka guji shanunsa.

Na uku, Hakimi ya sa na buɗe cikin akwatin. Akwai wani ɗan ƙarfe rataye a tsakiyar zobe. In aka girgiza akwatin, ƙarfen ya taɓa zoben, wuta ta yanke. Da gangan maƙeransa suka sa shi, saboda masu maguɗi. Shi kuwa Bappayo, in ƙwallo ya nufi inda ba ya so, sai ya bangaji akwatin da kwankwaso yadda yake juya bijimi. Ɗazu kun gani da idonku, Liman da kansa ya girgiza shi, fitilu suka mutu. To, wa zai buɗe baki ya kira Liman maye?

Jiya na nuna wa Bappayo ƙarfen nan. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ajimi, ashe ba ni ba ne? Wata biyu ban ɗauki jikata ba, tsoron hannuna nake ji." Sai hawaye suka zubo mini. Ku dube shi can, ga jaririyar a cinyarsa.

Allah ya yafe mana abin da harsunanmu suka yi masa, ya ƙara wa Hakimi lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.