Facin Fata a Fuskar Kwamfuta

Mai girma shugaban ƙungiyar mazauna wannan unguwa, mataimakiyarsa, wadda kowa ya san ita ke yin aikin, limaminmu, shugabar makaranta, 'yata mai kemis, sakatare, wato ɗan ƙanena, wanda na ɗinka wa takalminsa na farko a duniya kuma yau shi ya kawo ƙarata, iyaye mata da suka kame kujerun ƙarƙashin fanka, matasa da ke tsaye a bakin ƙofa don su riga kowa fita, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya da minti biyar ɗin da aka ba ni. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa wannan taro, ina jera kujeru ina kwashe su, ba a taɓa miƙo min abin magana ba sai yau da ake son karɓe makullin ɗakin kwamfuta daga hannuna. Duk da haka na gode.

Ga wanda bai sani ba, ni ne mai gyaran takalmin da ke bakin ƙofar nan. An ba ni makulli ne saboda na riga kowa fitowa. Laifin da ake tuhumata da shi, wai na manna fata a fuskar kwamfutar ƙungiya. Ba wai ba ne. Na manna, har guda uku, kuma aikin ya yi kyau. Amma ruwa ba ya tsami banza, ku ji yadda aka yi.

Na farko, abin da ke kai ni ɗakin. Shekara hamsin in an miƙo min takarda ina cewa na manta tabarau a gida. Ba ni da tabarau. Na san kun sani, kuma na san waɗanda suke miƙo min takardar da gangan. To, tun bara shugabar makaranta ta buɗe min wani shafi mai baƙaƙe da gajerun labarai, nake shiga kowace safiya kafin masu tsinkakken silifa su fara zuwa. Ina ɗora yatsa a kan layi, ina bi a hankali. Gemu ba ya hana neman ilimi, sai dai yana sa a yi shi ƙofa a rufe.

Na biyu, baƙon da ya hana ni sakat. Ina tsakiyar layi sai wani ɗan akwati ya faɗo a kusurwa, da mutum a ciki yana dariya yana tallan katifa. Ban kira shi ba, ban taɓa shi ba, bai yi sallama ba. In na yi ƙasa ya biyo ni, in na yi sama ya biyo ni. Ku da kuka iya karatu, in an katse ku kuna komawa inda kuka tsaya. Ni in yatsana ya ɗaga, layi ya ɓata ke nan, sai in koma tun daga farko. Akwai labarin wani manomi da rijiyarsa, layi tara ne kacal, na yi mako uku ban san ko ya samu ruwa ba.

Na kai kuka wurin sakatare. Ya ce akwai 'yar alama a saman akwatin, in danna ta. Jama'a, alamar nan ba ta kai kan allura ba, ni kuwa yatsuna na masu jan zare ne. Na danna, sai ga shafin katifar gaba ɗaya ya buɗe, har da filo. Na koma wurinsa, ya ce yana sauri. Na sake komawa, ya ce haka zamani yake.

A sana'ata, inda ya huje nan ake wa faci. Na auna akwatin, na yanko fata daga harshen wani tsohon takalmi, na fere gefenta, na shafa gam, na manna. Muryar kuma na toshe ta da soso. Kwana biyu na samu lafiya. Rana ta uku mai katifa ya ɓullo ta hagu, na yi masa faci. Ya hau sama, na bi shi. Ban san cewa wurin da ake dannawa a aika takarda yana ƙarƙashin faci na biyu ba, sai da matar shugaba ta zo cike wa 'yarta takardar makaranta ta yi awa guda tana nema. Hajiya, wannan kam ki yafe ni. Sauran kuwa ban ga abin neman gafara ba.

Na uku, kuma a nan nake so matasan bakin ƙofa su dakata. Ranar da aka ɓamɓare facin, mai kemis ta shigo ta tambaye ni me ya yi zafi. Na faɗa mata. Ta zauna, ta danna ɗigo ukun nan na can sama, ta shiga saiti, ta nemo wurin da ake ba shafuka izini, ta hana bidiyo kunna kansa, ta hana shi sauti sai an nema. Ta kuma nuna min wata alama mai kama da buɗaɗɗen littafi, in an taɓa ta komai ya kau sai rubutu zalla. Ta ce wasu masu taurin kai za su riƙa leƙowa duk da haka, amma a bebe za su zo. Minti biyu ta yi. Na duba agogo.

Sakatare yana tsaye a wurin. Na tambaye shi ko ya san da wannan, ya ce ya sani mana.

"To me ya hana ka faɗa min?"

"Baba, ai ba ka tambaya ba."

Ɗana, sau nawa ka kawo min takalmi don a goge kawai, na ga ƙusa ta leƙo a dunduniya na buge ta? Ka tambaya? Mai sani shi ke duba wa marar sani abin da bai san zai tambaya ba. In ba haka ba, ina amfanin sanin?

Don haka roƙona biyu ne. A rubuta matakan nan da manyan baƙaƙe a liƙa a bangon ɗakin, domin ba ni kaɗai mai katifa yake bi ba, ni kaɗai ne na yi wani abu a kai. Sannan a bar min makulli. Tabon gam da ya rage zan goge shi da tsumma mai laushi, an riga an gargaɗe ni game da wuƙa.

Ga takardar da sakatare ya aiko min. Ya ba maƙwabcina tela ya karanta min, na karɓe abata. Layi huɗu ce, ta ci min kwana biyu. Ta ce: "Kwamiti ya ba da shawarar a hana ka shiga ɗakin kwamfuta." Wannan ita ce wasiƙa ta farko da aka taɓa rubuto min na karanta da kaina, kuma a ɗakin da ake son hana ni shiga na koya. Yanzu za ku ɗaga hannu. Duk abin da kuka yanke, kada a turo kowa ya faɗa min da baki. A rubuto.

Allah ya ba shugabanninmu haƙurin sauraro, ya ba masu ilimi sauƙin kai. Allah ya raya mana zuriya, ya tsare mu daga baƙon da ba ya sallama. Allah ya yi wa mai kemis albarka. Sakatare ma, Allah ya yi masa, tun da jini ba ya ƙarya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.