Nas Mai In'ina

Da wani magidanci ya san abin da ke jiransa a asibitin dabbobi, da bai kawo kyanwar matarsa ba. A benci ya tarar da wani makaho da karensa.

"Malam, ka nemi nas ɗin nan mai in'ina," in ji makahon. "Har gida take zuwa wanke wa karena ciwo."

"Mai in'ina? 'Yata ma haka take, amma ita mutane take jinya."

"Haka wannan ma ta ce mini ta gaya wa babanta! Wai in ya ji karnuka take taɓawa, zuciyarsa bugawa za ta yi."

"Innalillahi!"

"Lafiya, Malam?"

Aka murɗa ƙofa daga ciki. Bai san ko ita ce ba, bai kuma san abin da zai ce mata ba.