Karkatattun Tortiya

A layin sayen tortiyar fulawa, wato siririyar gurasar mutanen Meziko, a kasuwar Hermosillo, Ofelia ta raɗa wa mai shago, "Zaɓo mini karkatattu, masu ɗan ƙuna a baki."

Dattijon da ke bayanta ya ƙyalƙyale da dariya. "'Yata, maigida za a ce wa ke kika murza?"

"Baba, rufa mini asiri! Kullum yabon hannuna yake. In ya gane, na shiga uku."

"Haka matata take yi, har fulawa take shafawa a goshi. Tuni na gano ta."

"Kuma ka yi shiru?"

"Ai na taɓa cin wadda ta yi da hannunta, kamar dutse," ya ce, yana nuna giɓin haƙorinsa.

Ofelia ta fara dariya, sai ta tuna mijinta ma ya yi giɓi tun ranar da ya ci tortiyar hannunta, nan take dariyar ta yanke.