Jajayen Ɗigo a Gefen Zane

A zauren da wani mai zane ya baje kolin ayyukansa, na ji wata dattijuwa ta tare mai ɗaukar hoto.

"Ɗan nan, wa ke liƙa jajayen ɗigon nan a gefen zanen?"

"Masu wurin ne, Mama."

"Ba su kyauta ba! Mai zanen ɗana ne. Shekara da shekaru yana fama da fenti, ubansa na kiransa mai ɓata bango. Yau Allah ya nuna masa wannan rana, sai a bi aikinsa da jan biro kamar ɗan makaranta?"

"Ai ba kuskure suke nunawa ba, Mama. Duk zanen da aka liƙa wa ja, an saye shi ke nan."

"An saye shi?"

"Ƙwarai. Ɗazu ma sun fi haka yawa, ban san inda suka shiga ba."

Dattijuwa ta buɗe tafin hannunta. Ga su nan cunkus, duk ta ɓamɓare.

"Don Allah duba hotunanka, mu mayar da kowanne wurinsa. Yi sauri, uban nasa yana hanya."